Wa Ya Cire Mini Caji?

A unguwarmu ba ma wahalar da wuya wajen neman jinjirin wata kafin mu san Sallah ta matso. Telanka za ka kira. In ya ɗauka da fara'a har yana tambayar mutanen gida, da sauran lokaci. In ya ce "wallahi Alhaji saura aljihu kawai", an shiga goman ƙarshe. Ranar da ka ji muryar matar nan ta kamfani tana cewa lambar da kake nema a kashe take, to ka fito da tsohuwar shaddarka ka kai wa mai bugu, saura kwana biyu.

Ba laifin tela ba ne shi kaɗai, a faɗi gaskiya. Mu ne muka san ba a fafe gora ranar tafiya, amma sai azumi ya kai ashirin mu kwaso yadi daga Kantin Kwari mu zube masa, mu zaro waya mu nuna masa hoton ɗinkin da aka yi wa wani attajiri a Abuja, mu ce irinsa sak muke so, kuma a farashin bara. Matanmu ma ba su bar mu a baya ba. Kowacce wayarta cike da hotunan da ta kwaso a Instagram, rigar da aka yanka wa doguwa siririya, ita kuma Allah ya yi ta 'yar duma-duma. Ɗinki ya fito, a ce tela ba shi da tsoron Allah.

Daren duban wata kuma nasa shagalin daban. Da can dattijon gida ne ke rungume da rediyo, kowa ya yi tsit ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Har gobe fadar ce ke da magana ta ƙarshe, mu ne dai haƙurin jira ya ƙare mana. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, don haka tun ba mu sha ruwa ba labarinsu ya iso. Kowane dangi kuma akwai mutum guda da ya ɗora wa kansa aikin shela. Shi zai turo bidiyo a guruf ɗin gida ya rubuta "an ga wata" da manyan baƙaƙe, mata su zabura su haɗa ƙullun waina, sai can wajen ƙarfe goma wani mai ido ya lura ashe sanarwar bara ce. Gobe akwai azumi. Ƙullu ya ƙara kwana, tsaminsa har gidan maƙwabta. Shi kuwa mai shelar ko a jikinsa, zai ce yadda ya gani haka ya turo.

Mu a babban gida muke Sallah, gaban Hajiya. Na Abuja su zo, na Legas su zo, na nan cikin gari su kwaso yara tun jajiberi. Bana na zauna na ƙirga: manya goma sha ɗaya, yara ban iya ƙirgawa ba don ba sa tsayawa wuri guda, wayoyi ashirin da uku. Ban saka fawa bank ba, ban saka tocila ba, ban saka fanka mai caji ba, wadda ta zama dole tun da azumi da Sallah suka dawo faɗowa a bazara, lokacin da katifa kan yi zafi kamar an sauke ta daga murhu. Soket mai aiki a falon Hajiya kuwa guda biyu ne, ɗayan ma sai an tokare shi da tsinken ashana.

To ka zo ka ga yadda girma ke zubewa idan yara suka kwarma ihu daga soro, "An kawo! An kawo!" Babban yayanmu, mutumin da a ofis ake miƙe masa tsaye, na gan shi da idona ya tsallake tabarma da jikoki biyu, babbar riga a kafaɗa, caja a hannu. A bakin soket babu wa babu ƙani. Doka ɗaya ce, kuma ba a rubuce take ba: wanda kasonsa ya fi ƙanƙanta shi ke da gaskiya.

"Naka nawa ne?"

"Goma sha biyu, Yaya."

"Nawa huɗu ne. Cire."

Sai dai dokar ta koya mana ƙarya. Mutum yana da sittin zai rantse saura kiris ta mutu, ya kife fuskar wayar don kada a gani. Akwai kuma masu aikin sari-ka-noƙe, waɗanda za su lallaɓo su zare taka su jona tasu, su bar taka a kwance da igiyarta kamar tana ci. Ka dawo bayan awa guda da murna, ka tarar tana inda ka bar ta. Daga nan ake jin tambayar da ta fi kowace yawa a gidanmu ranar Sallah, har ta fi "an yi Sallah lafiya?" yawa: wa ya cire mini caji?

Wanda ya rasa gurbi sai ya nufi mai caji na bakin titi, wanda shi kam Sallarsa ta yi kyau tun kafin a sauko daga idi. Allo guda, soket kamar saƙar zuma, ya manna wa wayarka lamba ya ba ka 'yar'uwarta. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗi, ya ce janareta ba ruwa take sha ba. Daga baya ya sa sola, muka yi murna za a sauko. Har yau muna jira. Da aka yi masa magana a majalisa ya ce ranar kyauta ce, batirin ne ba kyauta ba.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta shiga wannan kokawa, Hajiya. Wayarta 'yar rakani-kashi ce mai tocila a ka, tana zaune cikin jakar goronta tare da carbi da man zafi. Sau ɗaya ake yi mata caji a mako, wani lokacin ma sai an tuna. Ta sha faɗuwa a bakin rijiya, ta taɓa kwana cikin kwandon kuɓewa, tana nan daram. Yaranta sun sha kawo mata babbar waya daga Farm Centre, ta juya ta ta ce ita ba ta iya shafa gilashi ba, a ba wa jikoki. Idan ta ga mun yi cirko-cirko a bakin bango sai ta gyara zama ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin masu jego irinku ba. Jaririn naku kullum yana bakin nono, kuma ba ya ƙoshi."

Abin dariyar shi ne mu da muke wannan rawar kai duk mun san lokacin da babu. A 2001 wayar GSM ta shigo Najeriya, da MTN da Econet, layi kaɗai sai ka tanadi dubu ashirin ko fiye, kira kuma naira hamsin minti guda, ko da "salamu alaikum" kawai ka ce layin ya yanke. Sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. A unguwarmu mutum biyu ne ke da ita, kuma suna rataye ta a ƙugu inda kowa zai gani. Sauranmu sai gindin lema, ka bi layi, mai lema yana kallon agogo kana kallon bakinsa. A lokacin muka ƙware a filashin: sau ɗaya gaisuwa ce, sau biyu ka kira ni, sau uku lafiya ba lau ba. Ranar Sallah wanda ya kira ka na minti ɗaya cur, ka san ya ɗauke ka da daraja, don ya kashe kuɗin kwanon abinci a kanka.

Yanzu gaisuwar ta yi arha har ta rasa mai saye. Tun asuba wayarka za ta fara kuka, hoton masallaci da jinjirin wata da furanni masu ƙyalli, addu'a doguwa wadda wanda ya turo ma bai karanta ba. Shaidar bai karanta ba kuwa ita ce a ƙasa za ka ga an rubuta "daga iyalan wane", wani wanen da ba ka taɓa ji ba, shi ma wanda ya turo bai san shi ba. Kai ma ba ka tsaya wata-wata ba ka danna ka tura wa mutum arba'in. Kafin a tayar da sallar idi saƙon ya zaga gari ya dawo maka ta hannun surukinka.

Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take. Mu mun ɗauke ta daga ƙafa mun mayar babban yatsa. Kuma kada wani ya ce ina hango tudun wasu, ni ma na taka nawa. Sallar bara ina kishingiɗe na tura wa maƙwabcina irin wannan saƙo, mutumin da katanga ɗaya ta raba mu, har na ji ƙarar shigarsa ta saman katangar. Ya ɗaga murya ya ce, "Amin, Malam, na gani! Allah ya maimaita mana!" Na ce amin. Daga ni har shi babu wanda ya tashi.

Akwai dai waɗanda ba su sallama ba. Kawunmu na cikin gari ya shelanta tun tuni cewa shi ba ya karɓar gaisuwar yatsa. Ka turo masa saƙo mai tsawon wasiƙa, in ka haɗu da shi a ɗaurin aure zai dube ka sama da ƙasa ya ce, "Ashe kana gari? Na ɗauka ka yi ƙaura." Dole ka sa hula ka je, ka cire takalmi a soro, ka durƙusa, ya tambaye ka mutanen gidanka ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya sa a kawo maka tuwo da miyar taushe ko ka ƙoshi. Muna gunaguni a hanya, amma abin mamaki gidansa ne ke cika duk shekara. Ni a ganina Kawu ya fi mu gaskiya, ko da yake shi ma na taɓa kama shi yana kallon wa'azi a TikTok ta wayar autarsa, da na yi sallama ya yi maza ya tura ta ƙarƙashin buzu.

Sai maganar barka da Sallah, inda waya ta yi wa magidanta babbar illa. Da, uzuri ɗaya ya isa ka ratsa unguwa lafiya: babu canji. Yaro ya yi kwalliya da tabarau na roba da agogon da ba ya tafiya, ya durƙusa ya gaishe ka, ka shafa aljihu ka ce ka dawo da yamma. In ka yi abin kirki ka zaro sabuwar Murtala mai ƙamshin banki, ya yi ta shinshina har gida. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin naira, shi ya rushe wannan katanga. A watannin nan har mai ƙosai da mai kayan miya sai da suka koyi karɓar taransifa, yara kuma suna kallo. Yanzu ka ce babu canji, yarinya 'yar shekara takwas za ta dube ka ido cikin ido ta ce, "Ba komai Kawu, Umma tana da OPay." Ta karanto maka lamba goma ba gargada, ita da ake fama da ita a kan jadawalin bakwai.

Mu ma ba mu zauna ba, mun ƙirƙiro sabon uzuri: babu sabis. Ko kuma ka ɗaga waya ka daddanna ka ce, "Na tura, bai shigo ba? To zai shigo." Amma yaran sun gano, sai su tsaya a kanka har a ji alat. Wanda ya ci riba a duk wannan ciniki kuwa iyaye mata ne. Da sai sun bi yaro da lallashi, "kawo in ajiye maka", ajiyar da babu wanda ya taɓa ganin ta dawo. Yanzu kuɗin kai tsaye yake faɗawa hannunsu, ko lallashin an huta.

Abu ɗaya ne na lura har yau waya ta kasa taɓawa, kwanon Sallah. Tuwo ba ya bin iska. Dole a zuba a kwano ko kula, a ɗaure da ɗankwali, a ɗora wa yaro a ka, a ce gidan Gwaggo, daga nan gidan liman, kada ka tsaya wasa. Kuma kwano ba ya dawowa haka nan, ko cincin ne ko dublan ko 'yar naira ɗari sai an sako. Duk abin da ya rage mana na sanin wa ke ciwo, wa ta haihu, wa ya yi baƙi, a bakin waɗannan 'yan aike yake dawowa. Abin da ya canja kawai shi ne yanzu ba a rufe kwano sai an ɗauke shi hoto. Ka shigo da yunwa daga idi ka miƙa hannu, a buge hannun a ce tsaya tukuna, haske bai yi ba. Kafin la'asar facaloli sun jera girkinsu a sitatus, kowacce tana leƙa ta 'yar'uwarta tana cewa ita ba ta ma gani ba. Hajiya kuwa har yau ba ta yarda da markaɗen bilanda ba, ta ce miyar ba ta kama jikinta. Sai an kai injin bakin layi an bi sahun robobi, in ya so a dawo azahar.

Washegari in shekarar an yi hawa, mu ɗunguma Ƙofar Kudu kallon Hawan Daushe. Nan ma dawakin a cikin gilashi muke ganinsu. Mutum ya sha rana awa uku, ya kutsa ya samu gaba, sarki ya zo wucewa, shi kuma idonsa na kan waya yana neman saiti. Hannu ɗaya a sama, ɗayan dafe da aljihu, don masu ƙwace su ma Sallarsu suke yi. Bidiyon da aka sha wannan wahala a kansa babu mai sake buɗe shi, yana nan har ranar da waya za ta ce ta cika a goge shi.

Kada dai in cika baki da kushe, don na ga ranar waya. A 2020, shekarar korona, an rufe iyakokin jihohi, Sallah ta zo babu na Legas babu na Abuja, babu hawa, falon Hajiya fayau. A shekarar aka koya mata kiran bidiyo. Ƙanwarta tana aure a Maraɗi, sun yi shekaru ba su ga juna ba, ga shi wani zubin ma can sukan riga mu Sallah da kwana guda. Jikarta ta haɗa kiran ta miƙa mata, Hajiya ta karɓa ta kafa a kunne yadda ta saba, tana ta kwaɗa sallama. Ƙanwar daga can tana cewa, "Yaya, kunnenki kawai nake gani!" Jikar ta ce, "Ke tsohuwa, a gaba ake riƙewa." Hajiya ta ce, "Rufe mini baki, kishiya, na riga ki sanin duniya." Da aka daidaita mata ta ga fuskar ƙanwarta, furfura ta fito ta gefen ɗankwali, sai ta yi shiru. Duk surutun Hajiya, ranar sai da aka karɓi wayar aka ƙarasa mata gaisuwar. Tun daga lokacin duk Sallah sai an kira Maraɗi, kuma ita da ke mana gorin jego ita ce ke tambaya tun safe ko an sa wa yarinyar nan data, tana ƙorafin an ce tun farkon 2025 kuɗinta ya ƙaru.

Bana kuma aka yi wadda ba za mu manta ba. Rana ta uku da Sallah wuta ta yi ɓatan dabo tun daren jiya, janaretan gida babu mai, mai caji ya rufe ya tafi ƙauye gaida tsohuwarsa. Ɗaya bayan ɗaya wayoyi suka yi ta mutuwa, fawa bank ya bi su, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Bayan isha'i zafi ya koro kowa tsakar gida, aka baza tabarmi. Na ce a raina yau ga ranar da masu wa'azin zumunci suke ta kira. Kuma da farko abin ya yi daɗi. Aka tuno tashen da muka yi muna yara, aka tuno ranar da ragon layya ya tsinke ya shiga masallaci, Hajiya ta yi wa jikoki tatsuniya har da waƙarta, su kuma suna tambaya ko Gizo yana da kashi na biyu.

Ba a yi minti arba'in ba wani ya ce, "Af, wai ina aka kwana maganar gonar nan ta marigayi?"

Tsakar gida ta ɗauki zafi fiye da ɗaki. Wanda ya biya kuɗin taki shekara uku ya tuna, wadda ba a shawarce ta ba ta tuna, aka tono bikin da aka yi shekara tara da suka wuce wanda ba a kai wa wata anko ba. Matan 'yan'uwa suka fara tattara yaransu. Ashe duk shekarun nan da muke zaune lafiya a falo, kowa kansa a sunkuye, ba haƙuri ne ya yi mana yawa ba, hannunmu ne ba ya zaune.

Hajiya ba ta ce uffan ba. Ta kunna tocilar 'yar rakani-kashinta, wadda ita kaɗai ta rage da rai a gidan, ta kwance bakin zani, ta ƙirgo kuɗi ta miƙa wa babban jikanta. Ta ce, "Maigida, ɗauki galan ka je wajen 'yan bumburutu. Lita biyu. Ka yi sauri a tayar musu da injin nan kafin su cinye mini junansu."

Janareta na tashi aka watse, kowa ya yi bakin bango. Maganar gona ta koma inda take kwance, sai wata Sallar.

A cikin wannan turmutsitsin ne cajata ta yi ƙafa. Fara ce, mai faɗin baki, an naɗe wuyanta da baƙin salatif, kuma sai an ɗan karkata ta hagu take ci. Na tambaya a guruf ɗin gida, mutum goma sha tara sun gani, babu wanda ya tanka. Na Legas da na Abuja, ku taimaka ku zazzage jakunkunanku. Wanda ya gan ta ya ba wa direban da zai taho, ba zan tambayi yadda aka yi ta shiga ba.